Matakan Da Na Bi Har Jin Ƙamshi Ya Dawo Mini, Daga Asibiti Zuwa Teburin Haɗa Turare

Wannan bayani na waɗanda hanci ne jarinsu ne: masu haɗa humra da turaren wuta, masu sayar da madarar turare, masu girki da masu daka yaji, da duk wanda mura ta wuce ta bar shi ba ya jin ƙamshi ba ya jin wari. Sana'ata haɗa humra da turaren wuta ce a Kano, kuma na yi karatun kemistiri kafin na kama ta, shi ya sa duk abin da likita ya faɗa mini sai na bi diddiginsa har na gane dalili. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wanda ban samu mai yi mini bayaninsa da wuri ba, shi ne dawowar jin ƙamshin abu guda daban, dawowar jin ƙamshin haɗi daban. Mutum zai gane kanumfari, ya gane lemon tsami, ya yi hamdala, amma a miƙa masa humrar da ya haɗa da hannunsa ya ji ta baƙuwa.

Mura ce mai nauyi da zazzaɓi ta fara. A cikin mura kowa ya san ƙamshi kan ɗauke, ba abin damuwa ba ne. Inda ya kamata a farga shi ne idan majina ta tsaya, hanci ya buɗe, iska tana shiga tana fita lafiya lau, amma ko albasa aka yanka a gabanka sai dai ido ya kawo ruwa. Haka tawa ta kasance. Zangon farko kemis ne, kamar na kowa. Aka ba ni maganin ɗigawa a hanci da kafso na kashe ƙwayoyin cuta. Maganin ɗigon, irin su zailometazolin da oksimetazolin, aikinsa matse jijiyoyin jinin hanci ne don kumburi ya sauka. Ba ya gyara inda ake jin ƙamshi, kuma idan aka wuce mako guda ana ɗiga shi hanci kan saba, da an daina sai ya toshe fiye da da. Kafson kuwa ba ya yi wa bairos, wato ƙwayar cutar da ke kawo mura, komai. Sai kuma gwajin da kowa a gida zai ce a yi maka: a buɗe Robb ko Aboniki a kanga maka a hanci, ka ji sanyi ya ratsa ka, a ce ai ga shi kana ji. Wannan sanyin ba ƙamshi ba ne. Wata jijiya ce daban, ta fuska, mai jin zafi da sanyi da yaji, ita ke jin mantol da barkono da tsinin alkohol ɗin turare, kuma tana iya aiki garau alhali jijiyar ƙamshi tana kwance. Gwajin gaskiya a gida shi ne a samo abu mai ƙamshi marar yaji, kamar banila ko ruwan wardi, ka rufe ido, wani ya miƙo maka ba tare da ya faɗi ko mene ne ba.

Da makonni suka shuɗe babu canji, na tafi asibitin gwamnati. A manyan asibitoci ba a zarcewa wurin likitan hanci kai tsaye. Sai an bi ta sashen marasa lafiya na yau da kullum, a yanki kati, a biya a kawo rasit, a auna jini, a bi layi. Kuɗin kati da ganin likita 'yan dubbai ne, lokaci ne abin da ya fi ci, don wanda ya iso da hantsi zai iya tarar da an gama karɓar kati. Likitan da na gani ya haska hancina da tocila ya ce bai ga komai ba, kuma gaskiyarsa, domin wurin jin ƙamshi yana can rufin kogon hanci, daidai tsakanin idanu, inda tocila ba ta kaiwa. Abin da ake nema a wannan zango takarda ɗaya ce, ta turawa sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Yadda ka faɗi ciwonka shi zai sa ka same ta ko ka rasa. Wanda ya ce mura ce ta ƙi tafiya, maganin mura zai koma da shi gida. Ni cewa na yi, “Likita, hancina a buɗe yake, amma tun da na yi mura ba na jin ƙamshi ko wari, kuma sana'ata haɗa turare ce.” Ya ce, “To Hajiya, wannan sai likitan hanci,” ya rubuta takardar. A yi mata fotokwafi kafin a miƙa ta, don takan shige fayil ba ta fitowa. Mai inshorar lafiya kuma ya tabbatar an nemo masa lambar amincewa daga kamfanin inshorarsa kafin ranar, in ba haka ba zai je a dawo da shi.

Sashen hanci ba kullum yake ganin sababbin marasa lafiya ba, ranaku ne da shi a mako, kuma an ba ni rana mai ɗan nisa. Nas ɗin da ta rubuta mini ranar ta ja mini kunne: kada in shafa turare, kada in ci goro ko cingam, kada in sa komai a baki ban da ruwa gab da shiga. Ga mace irina wannan aiki ne, domin babu tufa a ɗakina da hayaƙin kasko bai shiga ba. Sai da na wanke atamfa da hijabi da sabulu marar ƙamshi, na shanya su a rana, na ajiye su a wani ɗaki. Na kuma rubuta tarihin ciwon a takarda: yaushe ya fara, farat ɗaya ne ko a hankali, an taɓa buguwa a kai ko a'a, akwai atishawa da ƙaiƙayin hanci lokacin hunturu, waɗanne magunguna ake sha, wane hayaƙi ake shaƙa wurin aiki. Duk sai da aka tambaye ni su. Likitan ya kuma tambaya ko ina jin zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci. Ina jin su sarai, don wannan aikin harshe ne. Abin da ya ɓace shi ne ƙamshin da ke hawa daga bayan baki zuwa hanci lokacin tauna, wanda shi ne ke bambanta miyar kuka da ta kuɓewa.

Gwajin ƙamshi aka fara yi kafin a fesa mini komai, kuma haka ya kamata, domin maganin kashe zafin da ake fesawa kafin leƙa hanci yana iya dusashe ji na ɗan lokaci. Ba kowane asibiti ke da kayan gwajin ba. Wasu da 'yan kwalabe na kofi da sabulu da makamantansu suke yi. Inda na je suna da alƙaluman nan da aka ƙirƙiro a Jamus, masu siffar alƙalamin nan mai kauri da ake kira maka, amma ƙamshi ne a cikinsu maimakon tawada. Kashi uku ne. A na farko an rufe mini ido, ana kawo alƙalami uku ɗaya bayan ɗaya, biyu babu komai, ɗaya da ƙamshi, ana ƙara ƙarfinsa mataki-mataki har 16 don a ga inda zan fara ji. A na biyu kuma uku-uku ne, biyu iri ɗaya, in fitar da bare. A na uku ana ba ka ƙamshi 16, kowanne da suna huɗu ka zaɓi ɗaya. Dole ne ka zaɓa ko ba ka ji komai ba, kuma wannan shi ya fi yi mini ciwo, ina zaune ina cankar abin da shekaru nake auna shi da hanci. Jimillar maki 48 ce. Wanda ya samu 16 ko ƙasa, kusan babu ji ke nan; daga wajen 31 zuwa sama, lafiya lau; tsakani kuma ji ne mai rauni. Nawa ƙasa da 16 ya faɗo. A kashi na uku akwai ƙamshin da ba namu ba, irin na wasu alewoyin Turawa, don haka idan ba ka san sunan ba tun asali ka faɗa wa mai gwajin ya rubuta. A kuma lura, gwajin ba ya tambayar yadda kake jin abu biyu ko uku idan an gauraya su. Wannan giɓin daga baya na gane girmansa.

Daga nan aka fesa maganin, mai ɗaci ne yana gangarowa maƙogwaro, aka zura siririyar na'ura mai kyamara, kaurinta bai wuce milimita 4 ba. Babu zafi sosai, sai dai matsi da hawaye, kuma 'yan mintuna ne. Kada a ci abu mai zafi sai maƙogwaro ya saki. Abin da likita ke nema shi ne ya raba ciwon gida biyu. Ko dai hanya ce ta toshe, da tsiron nama ko kumburin kogunan fuska ko borin hanci, iska ba ta kai ƙamshi sama, wanda magani ko tiyata kan buɗe. Ko kuwa hanya a buɗe take amma jijiyoyin ne suka ji rauni. Nawa na biyun ne, da ɗan kumburi kaɗan. Ya rubuta mini hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin hanci da kogunan fuska dalla-dalla, saboda kumburin, kuma shi ne abu mafi tsada a duk tafiyar, kuɗinsa ya ninka na duk sauran a haɗe. Ba kowa ke bukatarsa ba, kuma babu laifi ka tambaya, “Likita, in an yi hoton nan zai canza maganin da za a ba ni?” Amma akwai alamun da ba a jayayya da hoto a kansu: toshewar ƙofar hanci ɗaya kaɗai, haɓo mai maimaituwa, ruwa garai-garai yana ɗiga ta gefe guda, ciwon kai mai tsanani, canjin gani, ko rasa ƙamshi bayan haɗari. Hoton nawa ya fito babu tsiro.

Bayanin da likitan ya yi mini a komawata shi ya sa na jure abin da ya biyo baya. A rufin hancin nan akwai miliyoyin jijiyoyi, kowace tana ɗauke da makarɓi, wato abin da ke cafke sinadarin ƙamshi, iri ɗaya tak daga cikin kusan iri 400 da ɗan Adam yake da su. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano dangin makarɓan nan a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Babu makarɓin kanumfari ko na sandal. Kowane sinadari yana taɓa makarɓai da dama, kowane makarɓi yana amsa sinadarai da dama, ƙwaƙwalwa kuma tana karanta tsarin waɗanda suka motsa gaba ɗaya. Rahamar da ke ciki ita ce jijiyoyin nan suna sake tsirowa. Sai dai kowace sabuwa sai ta miƙa zarenta ta ƙananan hudojin ƙashi zuwa ƙwaƙwalwa, ta samu inda 'yan uwanta masu makarɓi irin nata suke taruwa. Shi ya sa lissafin na watanni ne.

Abu uku aka rubuta mini: wanke hanci da ruwan gishiri, feshin rage kumburi, da horon hanci. Ruwan wankin ana tafasa rabin lita, a bar shi ya huce, a zuba ƙaramin cokalin gishiri ɗaya da na bakin soda ɗaya. Bakin soda na yin kek ake nufi, kada a sa kanwa. Ruwan da ba a tafasa ba kada ya shiga hanci, kuma a riƙa haɗa sabo kullum. Wanki ake fara yi sannan feshi. Wurin fesawa a sunkuyar da kai kaɗan, a karkata bakin kwalbar wajen kunnen wannan gefen, kada a saita shi kan bangon tsakiya, don nan ne ke kawo haɓo, kuma kada a ja shi da ƙarfi ya zarce maƙogwaro.

Horon hanci shi ne ainihin aikin. Thomas Hummel na Dresden a Jamus ne ya wallafa gwajinsa a 2009 da ƙamshi huɗu: wardi, lemon tsami, kanumfari, da man yukaliftus, wato bishiyar turare. Cikin mako 12, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi horon sun samu ci gaba na a zo a gani, alhali a waɗanda ba su yi ba ƙalilan ne. Ba tabbas ba ne ga kowa, amma babu cutarwa kuma arha ne. Ana samun ƙananan kwalabe huɗu masu duhu da faɗin baki, a sa auduga a gindin kowace, a ɗiga man ƙamshin har ta jiƙa, a rufe gam. Safe da yamma a buɗe ɗaya, a riƙe ta ɗan nesa da hanci kada ta taɓa fata, a yi 'yan gajerun shaƙa a hankali na kamar daƙiƙa 20, a rufe, a huta kaɗan, a ɗauki ta gaba. Dogon ja mai ƙarfi yana wuce da iskar huhu ne kawai. Gajeren sansane shi ke juya ta zuwa rufin hanci. Lokacin shaƙar a kawo abin a zuciya, a tuna yadda ɓawon lemon tsami yake idan aka murza shi, domin ƙwaƙwalwa ma horon take sha. A riƙa rubuta maki daga 0 zuwa 5 sau ɗaya a mako, da kalma ɗaya ta yadda aka ji shi, daidai ko a jirkice. Rubutun yau da kullum karya zuciya yake yi, don ci gaban ba ya ganuwa daga yau zuwa gobe. Audugar a sabunta ta idan ta kai wata uku, kuma wani mai hanci ya riƙa duba maka ko ƙamshin yana nan. Wani bincike da aka yi a Turkiyya a 2015 ya nuna canza ƙamshin huɗun bayan kowane mako 12, da tsawaita horon, ya fi amfani. A zagaye na biyu na sa kirfa, citta, na'ana'a da ɓawon lemon zaƙi.

Lokacin jiran nan yana da nauyi a zuciya, kuma bai kamata a ɓoye wa likita ba. Abinci ya zama aiki, mutum ya rame, ya riƙa zargin jikinsa da tufafinsa. Akwai haɗari ma. Gas ɗin girki ba shi da wari na kansa, sanya masa ake yi don a farga idan yana yoyo, kuma kai ba za ka farga ba. A riƙa shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗin tukunya a ga ko zai yi kumfa, a rubuta kwanan wata a kan abincin firij, kada a bar girki a wuta a tafi wani ɗaki. Ni an hana ni tsayawa kan tukunyar turaren wuta lokacin da sukari ke narkewa da itace, don hayaƙin yana ƙara kumburi.

Ƙamshi ya fara dawowa gutsi-gutsi, lemon tsami da farko, sai kanumfari. Ina cikin murna sai wani abu ya ɓullo wanda ya fi rashin jin muni. Albasa a mai, tsire, ƙwai, soyayyar gyaɗa, daddawa, kofi, man goge baki, duk suka koma wari ɗaya, na ƙonannen abu mai ruɓa. Likitoci suna kiransa farosmiya, kuma yakan zo wata biyu ko uku bayan ciwon. Na koma asibiti a firgice kafin ranata, likitan ya ce, “Hajiya, kwantar da hankalinki, yawanci alama ce jijiyoyin suna tsirowa.” Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne wasu makarɓan sun dawo, wasu ba su dawo ba, don haka tsarin da ke isa ƙwaƙwalwa guntu ne. Jane Parker ta Jami'ar Reading a Ingila ta nuna wannan da kyau a 2022. Ta rarraba ƙamshin kofi da na'ura, sinadari bayan sinadari, masu ciwon suna shaƙa. Yawancin sinadaran ba su dame su ba, 'yan kaɗan ne masu ƙarfin gaske, galibi masu farar wuta da waɗanda gashi da suya ke haifarwa, suke tayar da warin. Ni a farce na ga haka. Farce murfin bakin dodon koɗin teku ne, kuma duk mai humra ta san idan ana soya shi ƙauri da ƙarni yake yi, amma da ya shiga cikin sandal da miski da madara ya kwana biyu, sai ya nutse, ya bar nauyi da daɗewa a jiki. A wancan lokacin ko wace humra na buɗe, farcen kaɗai nake ji tsirara, sauran duk sun yi shiru. Abin da ya taimaka wajen ci shi ne abinci mai sanyi ko wanda ya huce, dafaffe maimakon soyayye, fura da nono, shinkafa, 'ya'yan itace, da barin kicin lokacin suya. Horon kuma ba a dainawa.

A nan na koma karatu kan yadda ake jin haɗi. David Laing a Ostareliya ya nuna tun 1989 cewa idan aka gauraya ƙamshi, mutum ba ya iya fitar da fiye da uku ko huɗu daga ciki, kuma da aka gwada ƙwararrun masu haɗa turare daga baya, su ma nan suka tsaya. Abin da muke yi idan muka ce mun gane humrar wance shi ne gane ta dunƙule, kamar yadda ake gane fuskar ɗan uwa ba tare da an tsaya duba ido daban, hanci daban ba. Tun a hanci ma sinadarai suna danne juna: binciken da aka wallafa daga Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 2020 ya nuna sinadari kan hau makarɓi ya hana wani motsa shi, saboda haka haɗin abu biyu ba jimillarsu ba ne. Masu bincike a Dijon ta Faransa sun gauraya wani sinadari mai ƙamshin sitiroberi kashi 30 da etil maltol mai ƙamshin ƙonannen sukari kashi 70, mutane suka ce abarba suke ji. Da aka juya ma'aunin zuwa 68 da 32, abarbar ta ɓace. A ɗaya ƙarshen kuma, wani bincike na 2012 ya nuna idan aka tara sinadarai mabambanta wajen 30 da ƙarfi ɗaya, haɗe-haɗen sukan koma kama da juna ko da kayan cikinsu daban ne. Wannan gargaɗi ne ga masu zuba madara iri ashirin a kwalba ɗaya suna zaton yawa shi ne kyau.

Dabbobi ma ba su tsira daga wannan ba, duk da ɓera yana da makarɓai fiye da iri 1,000, kare wajen 800, giwa kusan 2,000. Jariran zomo da aka koya wa sinadarin sitiroberin nan shi kaɗai ba su kula haɗin 30 da 70 ba, amma sun amsa haɗin 68 da 32, wato su ma na farkon wani abu daban suke jin sa. Karnukan da aka horar a Amurka kan sinadari ɗaya zalla, yawancinsu sun kasa gano shi da aka gauraya shi da wasu abubuwa, sai da aka sake horar da su da haɗin kansa. Gafiyoyin da ƙungiyar APOPO ke horarwa a Morogoro ta Tanzaniya don gano tarin fuka a kaki, an ga sun fi gane haɗin sinadaran da ƙwayar cutar ke fitarwa a kan kowane ɗaya shi kaɗai. Ɓerayen da aka horar a Harvard a 2014 kuwa sun iya tsamo ƙamshi ɗaya sananne daga cikin fiye da goma, sai dai kuskurensu yana ƙaruwa idan taron ya yi yawa. Darasi biyu na ɗauka: horo da abu ɗaya-ɗaya ba ya wadatar da mai aikin haɗi, kuma neman abu ɗaya da aka sani a cikin taro fasaha ce da ake iya koya.

Saboda haka da huɗun farko suka daidaita, na ƙara wani mataki na kaina, na nuna wa likitan ya ce babu cutarwa. Na ɗauki sandal da wardi na haɗa kwalba biyar, kowace ɗigo 10: 9 da 1, 7 da 3, 5 da 5, 3 da 7, 1 da 9. Lambar tana ƙarƙashin kwalba, yarinyar shagona ta cakuɗa su, ni in jera su daga mai yawan sandal zuwa mai yawan wardi. Da wannan ya zauna sai na canza biyun, kajiji da kanumfari, hawi da miski, sannan na shigo da na uku. Ban wuce huɗu ba, tunda mai lafiyayyen hanci ma nan ne iyakarsa. Bayan haka sai tsofaffin humrorina da na haɗa kafin ciwon, ina shaƙar kowace gaba ɗayanta, daga baya in nemi abu ɗaya a ciki, yau sandal, gobe farce. Zama ɗaya kada ya wuce minti goma, domin hanci yana gajiya ya daina jin abin da ya daɗe a kansa. 'Ya'yan kofin da ake ajiyewa a shagunan turare don wanke hanci an gwada su, ba su fi iska zalla ba, kuma ga mai farosmiya azaba ce. A fita waje a sha iska ya fi. Idan haɗin na alkohol ne a ɗiga a takarda a jira ya bushe kaɗan, in ba haka ba tsininsa za a ji a zaci ƙarfin turare ne.

Don in san ko na isa komawa yanke hukunci kan kayan sayarwa, na yi amfani da gwajin kwalba uku da kamfanonin abinci ke yi: biyu daga tsohon haɗi, ɗaya daga wanda aka rage wa abu ɗaya, in fitar da bare ido a rufe. Canka kaɗai tana ci sau ɗaya cikin uku, don haka cin sau ɗaya ko biyu ba hujja ba ne. A gwaji 10 sai an ci 7 kafin a ce hanci ne ba sa'a ba, kuma a rarraba su kwanaki daban-daban.

A zuwana na ƙarshe wurin likita an maimaita gwajin alƙaluma, makina ya hau kusa da na masu lafiya, aka ce in ci gaba da horon in dawo idan wani abu ya canza. Amma a gwajin kwalba uku na daɗe bayan haka kafin in kai 7, kuma wannan tazarar ita ce inda mai sana'a ke yin asara. Hanci mai rauni kullum cewa yake a ƙara, kuma abin da ya fi ji shi zai sa a rage, wanda ba ya ji a labta, ma'auni ya juye, turaren ya tashi daga wanda masu saye suka sani. Don haka tun ranar da ji ya ɗauke a daina haɗi da ƙiyasi. A sayi sikeli mai auna giram 0.1, a rubuta kowane haɗi da nauyi, a ajiye mililita 10 daga kowane zubi da kwanan wata a wuri mai duhu don kwatance. A samu mutum biyu masu lafiyayyen hanci su duba kaya kafin su fita, kuma kada a faɗa musu abin da ake zargi, a ba su kwalba uku kawai. Sabon haɗi da ba a taɓa yi ba a jinkirta shi har sai an ci gwajin. Madarar da aka sayo sabuwa ma a kwatanta ta da ragowar tsohuwa, domin suna ɗaya daga dila ɗaya kan zo da ƙarfi daban. Wanda kuma ƙamshinsa ya ɗauke a hankali ba tare da mura ko buguwa ba, musamman dattijo, kada ya tsaya kan horo a gida, ya nemi a duba shi sosai, don wani lokaci rashin jin ƙamshi yakan riga ciwon jijiya irin na Fakinsin, mai sa jiki karkarwa, bayyana da shekaru.